Gari Ɗaya, Harshe Biyu: Nasiha Ga Matasan Tambuwal da Kebbe

Motar da ta tashi daga Tambuwal da hantsi ta nufi arewa, in hanya ta yi kyau, kafin la'asar ta wuce Sakkwato ta isa Illela. Daga nan ɗan kabu-kabu zai ƙetara da mutum Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar cikin 'yan mintoci. Wadda ta bi ta Jega da Birnin Kebbi kuwa a Kamba za ta sauke fasinja, Gaya na gabansa, Malanbil ta ƙasar Benin na tsallaken Kwara. Ko ta ina aka bi, rana ba ta faɗuwa sai ga allon hanya da Faransanci, ga rasit da Faransanci, ga jandarma yana neman takarda da Faransanci. Matasan Tambuwal da Kebbe sun fi kusa da ƙasashen nan nesa ba kusa ba a kan Abuja, kuma da yawansu can suke zuwa cin rani ko fatauci, amma kaɗan ne ke iya karanta layi ɗaya na harshen da ake mulki da shi a can.

Hausa ce ta shagwaɓa su, kuma ta isa ta shagwaɓa mutum. Lokacin da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasar nan a 1898, suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, suka sake gyara iyakar a 1904 da 1906, ƙasa kawai suka iya rabawa. Mutumin Ƙonni da na Dogon Dutsi da na Tawa Hausarsu ta fi kusa da ta Tambuwal fiye da ta Kano. Wanda ya zarce Kwatano ko Lome zai tarar da Zango, wanda ya je Yawunde zai tarar da unguwar Briketeri, ko'ina akwai mai masauki, akwai masallaci, akwai mai tuwo. Hatta rediyon Jamus da na Faransa, DW da RFI, da Hausa suke yi masa magana safe da yamma. Saurayi na iya shekara goma a garin da ake harshe biyu ko uku, ya yi kuɗi, ya yi aure, bai taɓa jin ya rasa komai ba.

Ranar da takarda ta shigo cikin maganar ne yake gane abin da ya rasa. An tsare motar albasa a duwan, wato kwastan, an miƙo masa takarda ya sa hannu, bai san ko tara ce ko amincewa da laifi ba, albasa kuma ba ta jiran a nemo mai karantawa. Ya kama hayar shago, mai gida ya kawo yarjejeniya shafi uku, ya dangwala yatsa a kan sharaɗin da zai kore shi bayan wata shida. Likita ya rubuta magani, ya yi bayani sau biyu, shi kuma ya gyaɗa kai don kunya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuraren akwai mai shiga tsakani, ɗan kamasho ko tafinta, kuma ba kyauta yake yi ba. Wasu masu gaskiya ne. Amma ko mai gaskiyar, abin da ya ga dama shi yake fassarawa, mai abu kuma ba shi da hanyar tantancewa.

Abin da ke nuna cewa matsalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce shi ne lissafin kuɗi. A kasuwannin Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya da Hausa, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuma sefa biyar ce. Idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari ita ce 500, jika kuma 1000. Baƙon da ya zo daga Kuchi ko Dogon Daji yakan rikice a ranar farko, ya duba lambar da ke jikin kuɗin, ya ji abin da aka faɗa, ya ga ba su yi daidai ba. Kafin mako ya zagayo ya iya ninkawa da biyar a ka, har yana haɗawa da canjin naira, yana gardama da 'yan canji a kan dala biyu. Wanda ya iya wannan cikin mako ɗaya saboda aljihunsa, zai iya karanta rasit cikin wata uku in ya ɗauke shi da irin wannan muhimmanci.

Akwai wani gari a Turai da ya daɗe yana fama da zaman harshe biyu, kuma abin da ya koya zai amfani ɗan Tambuwal. Yana ƙasar Siwizalan, a jihar Bern, a bakin tafki, gindin duwatsun Jura. Masu Jamusanci suna ce masa Biel, masu Faransanci suna ce masa Bienne, tun 2005 kuma sunansa a hukumance Biel/Bienne, sunayen biyu a haɗe. Mutanensa kimanin 55,000 ne. Fiye da rabi kaɗan suna hulɗa da hukuma da Jamusanci, sama da kashi 40 cikin 100 kuma da Faransanci. Shi ne birni mafi girma a ƙasar da harsunan biyu ke da matsayi ɗaya.

Asalinsa garin Jamusanci ne. Sana'a ce ta kawo ɗaya harshen. A ƙarni na 19 hukumar garin ta jawo maƙeran agogo daga yankin Jura, masu magana da Faransanci, suka zo da iyalansu suka zauna. A 1880 wasu 'yan'uwa na gidan Brandt suka kwaso masana'antarsu zuwa garin, ita ce ta zama Omega. Yau hedikwatar kamfanin Swatch tana can, injin cikin agogon Rolex ma can ake ƙera shi. Wato su ma 'yan neman abinci ne suka kai harshensu, kamar yadda fataken goro da na shanu suka kai Hausa Gwanja da Kumasi.

Mai tafiya a titunan garin zai ga kowane allo da suna biyu, titin tashar jirgin ƙasa an rubuta Bahnhofstrasse, an kuma rubuta Rue de la Gare. In ya shiga kanti, mai jiran kantin kan gaishe shi da harsunan biyu a jere, ta saurari wanda zai amsa da shi, sai ta ci gaba da wannan. Akwai jaridar Jamusanci, Bieler Tagblatt, akwai ta Faransanci, Journal du Jura, akwai kuma ta mako-mako mai suna Biel Bienne da ke buga labari da harsunan biyu gefe da gefe tun 1978. A majalisar birnin kowane wakili da harshensa yake magana, ba a ajiye tafinta ba, an ɗauka cewa wanda ya nemi wakilcin jama'a zai iya fahimtar abokin zamansa.

Wannan na ƙarshen shi ne darasin da ya fi kowanne sauƙin ɗauka. Mutanen Biel ba duka suka ƙware a harsunan biyu ba. Abin da yawancinsu suka iya shi ne ji. Abokai biyu kan zauna shan gahawa, wannan yana Jamusanci, wancan yana amsawa da Faransanci, hira na tafiya. Matashin da ke tsoron buɗe baki don kada a yi masa dariya ya sani cewa ba da baki ake farawa ba. Ya fara da kunne. In ya kai yana gane abin da jandarma ya ce wa abokin aikinsa, da abin da dillali ya raɗa wa mai saye, ya riga ya tsare rabin dukiyarsa ko da amsarsa da Hausa yake bayarwa. Bakin zai biyo baya, da kurakuransa, kuma babu wanda ya taɓa iya harshe bai sha dariya ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Yaron da ya tashi da Faransanci a Biel yana shekaru a makaranta yana koyon Jamusancin littafi, ranar da ya fita neman aiki sai ya tarar mutane suna magana da karin harshen Bern, wanda ko mutumin Jamus kansa sai ya kasa kunne sosai kafin ya kama. Kamar Bakanon da ya fara sauka a ƙauyen Kebbe ya ji Sakkwatanci tsantsa ne, sai dai tazarar can ta fi wannan faɗi ƙwarai. Haka abin yake a garuruwan da matasanmu ke zuwa. Faransancin aji daban, na tasha daban. Kuma a ƙarƙashin Faransancin akwai harshen masu gari: Dandanci da Zabarmanci a Gaya da Malanbil, Fon a Kwatano, Ewe da Mina a Lome. Garin da ake ce wa mai harshe biyu sau da yawa uku ne ko huɗu. Faransanci ke buɗe ofis, amma tsohuwar da ke sayar da kifi a bakin Kwara ba da shi za ta rage wa mutum farashi ba. Gaisuwa da harshenta, da tambayar lafiyar gida, da iya ƙirga ɗaya zuwa ɗari, su ne ke mayar da baƙo ɗan gari. Mai hankali yakan koyi gaisuwar masu gari a makon farko, ya kuma ware lokaci kullum don harshen takarda, ba ya barin ɗaya don ɗaya.

Sai batun zaɓi. Wanda ya tare a Biel, ko daga ina ya fito, sai ya faɗa wa hukuma da wane harshe za ta riƙa rubuto masa, kuma in yana da yara sai ya zaɓa musu makarantar Jamusanci ko ta Faransanci. Zaɓin da uba ya yi cikin minti biyar a gaban ma'aikaci yana bin yaro har girmansa, shi zai yanke abokansa da irin aikin da zai samu. Saboda haka ne a 2010 garin ya buɗe azuzuwan gwamnati da ake haɗa yaran ɓangarorin biyu ana koya musu da harsunan duka. Ɗan Tambuwal da ya yi aure ya zauna a Ƙonni ko Gaya yana gaban irin wannan zaɓin, ko ya lura ko bai lura ba. Yaron da aka sa lakwal, wato makarantar boko ta can, zai fito da BEPC da Bakaloriya, wanda aka mayar gida zai fito da WAEC ko NECO, kuma kowace takarda da ƙofar da take buɗewa. Mafi munin abu shi ne wanda ake yawan yi: shekara biyu a can, shekara biyu a nan, yaro ya tashi bai riƙe Faransanci ba, bai riƙe Turanci ba. Gara uba ya tsaya ya yi shawara da uwar yaron tun kafin ya kai shekarun shiga aji, su zaɓi ɗaya su tsaya a kai, ɗayan kuma a nema masa malami a gida.

Kada a ɗauka doka ta share wa kowa hawaye a Biel. Matasa masu Faransanci sun daɗe suna kukan cewa samun gurbin koyon sana'a ya fi musu wuya, domin yawancin masu kamfanoni Jamusanci suke yi. An kafa wata cibiya ta kula da zaman harshe biyu a 1996, an kuma kafa majalisar da ke kare muradun masu Faransanci a 2006, duk da haka wanda ke da harsunan biyu shi ake fara kira. A ƙasa mai arziki da tsari ke nan. Ina ga tashar mota ko kamfanin fiton kaya a bakin iyaka, inda mai gida ke neman yaro ɗaya da zai yi magana da kwastan na Najeriya da safe, ya yi da duwan na Nijar da rana?

Harshe kuma yana da zafi, baƙo ya kiyaye. A jihar Bern ɗin nan, yankin Jura mai Faransanci ya yi shekaru yana fafutuka har ya ɓalle ya zama jiha mai zaman kanta a 1979. A Kamaru, inda Faransanci da Turanci ke da matsayin hukuma, zanga-zangar lauyoyi da malaman makaranta ta 2016 a yankin masu Turanci ta rikiɗe ta zama rikicin da ya ci rayuka masu yawa. Wanda ya je neman halalinsa a irin waɗannan wurare ya riƙe bakinsa. Kada ya yi ba'a da lafazin kowa, kada ya ce wannan harshen ya fi wancan, kada ya bari a jawo shi cikin gardamar da ta girme shi.

Wasu matasa suna ƙyamar abin ne ta fuskar addini, suna ganin Faransanci harshen Nasara ne. Waɗannan su waiwayi tarihin ƙasar da suke takawa. Tambuwal gari ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma gidan da ya fito gida ne na harsuna. Shehu ya yi rubutu da Larabci don malamai, ya yi waƙoƙin wa'azi da Fulatanci don jama'a. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita da ɗan'uwanta Isa suka mayar da waƙoƙin mahaifinsu zuwa Hausa don su isa ga wanda ba ya jin Fulatanci. Da waɗannan waƙoƙin malamai mata da ake kira jaji, na ƙungiyar 'Yan Taru, suka shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Tun kafin su, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu ya kuma rubuta amsa, domin kada a dogara da wanda ba a amince da shi ba. Dalilin nan shi ne dai dalilin yaron motar da aka miƙo wa takarda a duwan.

Su ma Turawan da harshe suka shigo. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Sakkwato da Gwandu a 1853 yana jin Larabci da Hausa, yana tattara kalmomin Fulatanci da Barbarci. A Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal, aka ba shi aron littafin Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya kwafa ya kai Turai. Da tafinta ya dogara, da malamai ba su saki jiki da shi har su buɗe masa taskarsu ba.

Wannan ya kawo magana kan abin da ke ƙofar gida. Tambuwal da Kebbe su kansu ƙasar harshe biyu ce. Duk ranar kasuwa Fulani na shigowa da nono da dabbobi, suna jin Hausa sarai, amma Bahaushe nawa ne zai iya mayar musu da gaisuwa da Fulatanci? Gidajen Fulanin gari da yawa ma sun saki harshen, kaka tana ji, jika ba ya ji. Abin takaici ne, kuma a wannan zamani na rashin yarda tsakanin manomi da makiyayi ya wuce takaici, domin mutanen da ba sa jin maganar juna sun fi saurin zargin juna. Saurayin da ya koyi gaisuwa da ciniki da Fulatanci a wurin mai nonon unguwarsu ya yi wa garinsu aiki, ya kuma horar da kunnensa. Wanda ya taɓa koyon harshe na biyu, na uku ba ya ba shi wuya kamar na farko.

'Yan mata sun fi kowa buƙatar jin wannan nasiha, kuma su aka fi mantawa. Aure na kai yarinya daga Sanyinna ko Jabo zuwa Yamai ko Kwatano, miji ya fita kasuwa ya tsinci harshe, ita tana cikin gida shekara da shekaru. Ranar awon ciki ko ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, sai an nemo ƙanen miji ko yaron maƙwabta ya tsaya tsakaninta da ungozoma. Akwai abin da mace ba za ta iya faɗa ta bakin namiji ba, sai ta haɗiye, a yi mata maganin abin da ba shi ke damunta ba. Yarinyar da ta san za a kai ta irin wannan gari ta nemi sunayen sassan jiki, da lambobi, da kwanakin mako, da yadda ake karanta takardar magani tun kafin a ɗaura aure. Mijin da ya hana ta wannan ya cuci 'ya'yansa.

Hanyoyin koyo ba su yi ƙaranci ba kamar yadda ake zato. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, yana kuma cikin manhajar ƙaramar sakandare, ko da yake makarantun karkara da yawa ba su da malaminsa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana ba da digiri a kansa, akwai kuma Ƙauyen Faransanci na Badagry da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, inda ɗalibai ke zuwa su zauna cikin harshen. Wanda bai kai can ba yana da waya a hannu, darussa na kyauta sun cika intanet, mintocin da ake kashewa a Facebook da TikTok sun isa. Mafi kusa kuma mafi arha shi ne ɗan Nijar ɗin da ke zaune a gari, mai shayi ne ko tela ko almajiri, wanda ya yi lakwal kafin ya ƙetaro. Da yawansu suna son Turanci kamar yadda ake son Faransancinsu. Rabin sa'a bayan isha'i, wannan ya koya wa wancan, ba a biya ko sisi ba.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fitar da kundin da ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, aka mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Abin farin ciki ne ga duk mai jin Hausa, amma kada matashi ya ɗauka an ɗauke masa nauyi. Dokokin da aka tara tun zamanin mulkin mallaka, da takardun duwan, da na kotu, da na asibiti, da Faransanci suke, kuma mayar da su Hausa aikin shekaru ne da ke buƙatar mutanen da suka iya rubuta harsunan biyu da kyau. Kamfanonin fito, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a ɓangarorin iyaka biyu, da gidajen rediyo, duk irin waɗannan mutanen suke nema. Yaron da ya gama sakandare a Tambuwal ko Kebbe yana da Hausar da ta yi daidai da ta Ƙonni, yana da Turancin da yawancin takwarorinsa na can ba su da shi, Faransanci kaɗai ya rage masa, kuma tsakanin girbin gero da faɗuwar ruwan farko akwai watannin da suka ishe shi ya fara karanta rasit da allon hanya da kansa.